Tsuntsun lambu: Ɗan ci-ranin da ke yin guzuri a dazukan Jos kafin ya keta Sahara

A kowace shekara, idan watan Afrilu ya kama, aka fara samun yayyafin farko a kan tsaunukan Jos, sai wani ɗan ƙaramin tsuntsu ya cika sarƙaƙiyoyin bakin rafi da gindin duwatsu, ba shi da aiki sai cin 'ya'yan itace tun daga hantsi har faɗuwar rana. Mafi yawan mutane ba sa lura da shi. Ba shi da jan gashi, ba shi da doguwar wutsiya, ba ya shiga gari kamar gwara, ba a kuma yi masa waƙa kamar shamuwa. Amma cikin 'yan makonni sai nauyinsa ya ƙaru da rabi ko fiye, sannan wani dare ya tashi ya nufi arewa, inda tafiyar kusan kilomita 2,500 ke jiransa kafin ya ga gaɓar Bahar Rum.

Masana kimiyya na kiran sa Sylvia borin. A Ingilishi da Faransanci da Jamusanci duka sunansa na ɗauke da kalmar lambu, don haka a nan za mu kira shi tsuntsun lambu, ko da yake sunan bai dace da halinsa sosai ba. Ba kasafai yake zama a lambun gida ba. Wurin da ya fi so shi ne bakin daji mai duhuwa, inda ƙananan itatuwa da ƙaya suka sarƙe da juna har mutum ba ya iya ratsawa.

Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya bai wuce santimita 14 ba, wato kusan girman gwara, sai dai ya fi ta sirantaka. Bayansa ruwan ƙasa ne mai ɗan toka-toka, cikinsa fari-fari, idonsa baƙi, bakinsa gajere mai ɗan kauri. Namiji da mace kamarsu ɗaya. Masu kallon tsuntsaye kan yi raha cewa alamar da ake gane shi da ita ita ce rashin alama: in ka ga ɗan tsuntsu ka duba ka rasa wani zane ko ɗigo a jikinsa, to shi ne. Idan babu kitse a jikinsa, nauyinsa giram 15 ne ko kusa da haka, kamar ƙwayar sukari huɗu a tafin hannu.

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Pieter Boddaert, shi ne ya sa masa sunan kimiyya a shekarar 1783. Yana hayayyafa a yawancin ƙasashen Turai har zuwa yammacin Saberiya, kuma adadinsa ya kai miliyoyi masu yawa. A can, daga watan Mayu zuwa Yuli, yakan yi sheƙa mai kama da ƙoƙo a cikin ƙaya, kusa da ƙasa. Mace na yin ƙwai huɗu ko biyar, ita da namijin suna karɓa-karɓa wajen kwanci na kwana 11 zuwa 12, 'ya'yan kuma su bar sheƙa bayan kamar kwana goma da ƙyanƙyashewa. A wannan lokaci abincinsa ƙwari ne da tsutsotsi. Duk zamansa na Turai bai fi wata uku zuwa huɗu ba. Sauran shekarar yana kan hanya ne ko yana Afirka, abin da ya sa wasu masana ke ganin ya fi dacewa a ɗauke shi tsuntsun Afirka mai zuwa Turai haihuwa.

Abin da ya fi ɗaure kai a tafiyarsa ta farko shi ne babu mai yi masa jagora. Ɗan tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a watan Yuni a Jamus ko Suwidin yakan tashi a watan Agusta, shi kaɗai, da dare, ba tare da iyayensa ba, ya nufi ƙasar da bai taɓa gani ba. Masana a Jamus sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari, kuma tsuntsun lambu na cikin waɗanda aka fi yin gwaji da su. Eberhard Gwinner ya reni 'ya'yansa a keji, a ɗakin da tsawon haske da ɗumi ba sa canzawa duk shekara, ta yadda ba su da hanyar sanin ko bazara ce ko hunturu a waje. Duk da haka, da lokacin ƙaura ya yi sai suka fara ƙiba, suna kwana suna tsalle-tsalle da kaɗa fukafukai, da lokacin sake gashi ya yi suka sake. Kalandar tana cikin jikinsu.

A wani gwajin da Gwinner ya yi tare da Wolfgang Wiltschko, wanda aka wallafa a 1978, an ga abin da ya fi wannan. Tsuntsayen da ke keji sun riƙa fuskantar kudu maso yamma a farkon kaka, sannan bayan 'yan makonni suka juya zuwa kudu maso gabas. Lokacin juyawar ya zo daidai da lokacin da 'yan'uwansu na daji, bayan sun bi ta Sifaniya, ke karkata su shiga cikin Afirka. Wato har kwanar da ke kan hanyar an gaje ta.

Wajen gane alƙibla, tsuntsun na amfani da taurari da kuma maganaɗisun ƙasa. Sai dai kamfas ɗinsa ya bambanta da wanda matafiya ke riƙewa a hannu. Ba ya nuna masa arewa ko kudu kai tsaye. Abin da yake ji shi ne yadda layukan maganaɗisu suka karkata zuwa cikin ƙasa, ta haka yake bambance ɓangaren ƙarshen duniya da ɓangaren tsakiyarta. Akwai wani layi da ya kewaye duniya inda layukan ke kwanciya daidai da doron ƙasa, babu karkata ko kaɗan, kuma a can wannan kamfas ba ya aiki. A Afirka ta Yamma layin ya hauro arewa har ya ratsa arewacin Najeriya. Gwajin da Wolfgang da Roswitha Wiltschko suka wallafa a 1992 ya nuna cewa idan tsuntsun lambu ya ɗanɗana irin wannan yanayi na ɗan lokaci, sai ya juya ma'anar kamfas ɗinsa, ta yadda zai ci gaba da tafiya kudu maimakon ya koma inda ya fito. Ke nan tsuntsun da ya sauka a Jos a watan Oktoba ya riga ya wuce, ko yana cikin wucewa, ɗaya daga cikin wurare mafi rikitarwa a hanyarsa.

Ba shi kaɗai ke wannan tafiya ba. Wani ƙiyasi da masana a Suwizalan suka fitar a 2009 ya nuna cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2.1 ne ke tasowa daga Turai su shigo Afirka kudu da Sahara a kowace kaka.

Abin da aka sani game da zamansa a Najeriya ya samo asali ne daga aikin sa wa tsuntsaye zobe. Ana kafa wata siririyar raga a tsakanin itatuwa tun da asuba, tsuntsu ya faɗa ciki, a ciro shi a hankali, a auna fiffikensa da nauyinsa, a hura gashin ƙirjinsa don a ga yawan kitsen da ke ƙarƙashin fata, a sa masa ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Duk abin bai fi 'yan mintoci ba. Tsaunukan Jos na da tsohon tarihi a wannan fanni. Tun a 1966 V. W. Smith ya wallafa sakamakon awon tsuntsaye masu ƙaura da ya yi a Vom. A ƙarshen shekarun 1960 kuma wasu masana daga Birtaniya suka yi irin wannan aiki a Malam Fatori, a bakin Tafkin Chadi.

Aikin ya sami mazauni na dindindin bayan kafa Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, da ta fara aiki a 2002 a ƙarƙashin Jami'ar Jos, bisa yarjejeniya da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya da al'ummar Laminga. Cibiyar na cikin dajin Amurum, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Gabas, kimanin kilomita 15 daga birnin. Dajin ba shi da girma, hekta 300 ne kacal, amma ya haɗa duwatsu da filin ciyawa mai ƙananan itatuwa da kurmin bakin rafi, kuma an ƙidaya nau'in tsuntsaye kusan 300 a cikinsa. Ya yi suna a duniya saboda wani ɗan jan tsuntsun duwatsu da masani Robert Payne ya tabbatar a 1998 cewa nau'i ne na daban da kimiyya ba ta san da shi ba, da kuma wani baƙin tsuntsu da ke zuba masa ƙwai a sheƙa ya bar masa reno. Waɗannan 'yan gida ne. Tsuntsun lambu baƙo ne mai yada zango sau biyu a shekara.

Wani bincike da Ulf Ottosson da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, wanda ya tattara alƙaluman zobe daga Najeriya, ya fito da tsarin tafiyar. Na farko-farko suna isowa kudu da hamada a farkon Satumba, a rame, nauyinsu giram 17 ko kusa da haka, wato saura ƙiris kitsen ya ƙare. Sun yi sa'a lokacin ƙarshen damina ne, Sahel kore shar, ga ƙwari ga 'ya'yan itace. Sukan huta a can, sannan su gangaro a hankali zuwa dazukan tsakiyar ƙasa irin na Jos, su yi makonni. A Nuwamba zuwa Disamba, idan iskar hunturu ta busar da ganye, sai yawancinsu su ƙara gaba zuwa kudu, inda ƙasa ke da sauran danshi. Jinsin ya bazu a lokacin nan har zuwa Afirka ta Kudu. A wannan zama na Afirka ne yake zubar da tsofaffin gashin fukafukai ya fitar da sababbi, waɗanda za su ɗauke shi zuwa Turai su dawo da shi.

Komawa ita ce mai wuya, kuma a nan ne muhimmancin Jos ya fito. A watan Afrilu, Sahel ɗin da ya tarbe su da yalwa a Satumba ya zama ƙura. An yi wata shida ko bakwai babu ruwa, itatuwa sun kaɗe, zafin bazara ya kai maƙura. Tsuntsun da ya ce zai jira sai ya isa Katsina ko Maraɗi ko Damagaram kafin ya yi guzuri zai iya tarar da rumbu wayam. Akwai 'yan wurare da suka fita daban, kamar bakin Tafkin Chadi inda itacen aswaki ke 'ya'ya a wannan lokaci, amma ba su isa kowa ba. Saboda haka, a wajen tsuntsun lambu, hamadar bazara ta fi ta kaka faɗi da ɗaruruwan kilomita, kuma dole ya cika jakarsa tun daga can kudu, inda ruwa ya fara sauka. Jos, da ke kan tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye daga doron teku, tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, kuma daminarta na farawa a Afrilu, lokacin da Sakkwato ke da sauran wata ɗaya ko biyu tana jira. Binciken na 2005 ya nuna cewa a irin waɗannan dazuka ne suke tara kitse a watan Afrilu, kuma wasu daga cikinsu kan yi ƙibar da za ta iya kai su ƙetaren hamada ba tare da sun sake cin komai ba.

Yadda jikin ke yin wannan aiki abin dubawa ne. Da lokaci ya yi, sai cin tsuntsun ya ƙaru ainun, ya koma ga 'ya'yan itace masu laushi yana haɗawa da ƙwari. Hanjinsa da hantarsa kan ƙara girma don su iya sarrafa abincin, hantar tana mayar da zaƙin zuwa kitse. Kitsen na taruwa a ramin wuya da ciki da gefen haƙarƙari, har idan aka hura gashin sai a ga fatar ta yi rawaya. Tsuntsu mai giram 17 kan kai 25, wasu su haura 30. Dalilin zaɓen kitse a bayyane yake: giram ɗaya na kitse na ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na abin da giram ɗaya na sukari ke bayarwa, ana ajiye shi ba tare da nauyin ruwa ba, sannan idan jiki ya ƙona shi yana fitar da ruwa, wanda a tsakiyar hamada ba ƙaramin abu ba ne.

An daɗe ana zaton ƙananan tsuntsaye na keta Sahara ne a tashi ɗaya, kwana biyu cur a sama. Binciken da aka yi da na'urar rada a Muritaniya a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa mafi yawansu da dare suke tafiya, in gari ya waye su sauka su laɓe a inuwar dutse ko wani ɗan tsiro, ba ci ba sha, sai rana ta faɗi su tashi. A cikin waɗannan kwanaki jiki ba kitse kaɗai yake ci ba. Hanji da hanta, waɗanda ba su da aiki a lokacin, sukan motse, har tsokar ƙirji ma takan ragu. Shi ya sa idan tsuntsun ya sauka a Libiya ko Tunisiya ko tsibiran Italiya, ba ya iya cin abinci sosai a kwana ɗaya ko biyu na farko, sai hanjin ya farfaɗo. Wanda ya baro Najeriya da ƙarancin giram biyu ko uku, ya kuma gamu da iska mai tura shi baya, a cikin yashi zai ƙare.

Ko da ya tsira daga hamada, da sauran rina a kaba. A wasu ƙasashen bakin Bahar Rum har yanzu ana kama ƙananan tsuntsaye da raga da sanduna masu danƙo don a ci, duk da dokokin da suka hana a wurare da dama. Mutanen Italiya na kiran sa da suna mai ma'anar "mai tsattsagar ɓaure", saboda yadda yake ƙiba da ɓaure a lokacin kaka. Yawancinsu ba sa wuce shekara biyu a duniya, ko da yake zobe ya nuna an sami wanda ya haura goma, wato ya keta Sahara sau ashirin ko fiye.

Mai karatu na iya tambaya: in tsuntsun ya kai miliyoyi, kuma ba ya cikin jerin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu, mene ne abin damuwa? Amsar tana cikin abin da ya faru da wani ɗan'uwansa mai farin maƙogwaro, Curruca communis, wanda shi ma ke zuwa ci-rani arewacin Najeriya. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka wayi gari kusan kashi uku cikin huɗu na wannan tsuntsu bai dawo ba. Da aka bi sawu, sai aka gano cewa ƙarancin ruwan damina na 1968 a Sahel ne sanadi, wato mafarin farin da daga baya ya kashe dabbobi da mutane a farkon shekarun 1970. Tsuntsun da yake da yawa kamar ƙasa ya ragu a shekara ɗaya tak, kuma har bayan shekaru da dama bai koma yadda yake ba. Yawa ba ya kare jinsin da duk rayuwarsa ta rataya a kan wani siririn yanki na ƙasa a wani ɗan gajeren lokaci.

A kan tsaunukan Jos, abin da ke cin irin wannan wuri ba fari ba ne, gatari ne da gini. Haƙar kuza da aka fara gadan-gadan tun farkon ƙarni na 20 ta lashe itatuwa masu yawa, ta bar ramuka da tafkuna. Yau birnin na faɗaɗa ta kowace kusurwa, buƙatar itacen girki da gawayi na ƙaruwa, noman rani na kayan lambu ya kai har bakin rafi, ga fasa dutse, ga gobarar daji. Babu adalci a ɗora wa matar da ke saran itace don ta dafa tuwo laifin wannan, tunda iskar gas da kananzir sun fi ƙarfin aljihun gidaje da yawa. Amma akwai wani kuskure da ya shafi har masu tsara manufofi: idan ana maganar kare daji, manyan bishiyoyi ake nufi, idan ana maganar gyara, shuka turare ko wani baƙon itace a jere ake nufi. Sarƙaƙiya da ƙaya da ƙananan itatuwa masu 'ya'ya, waɗanda ake ɗauka datti ne da ya kamata a share, su ne ainihin rumbun wannan tsuntsu. Gonar itacen turare, komai kyanta a ido, ba ta da abin da zai ci.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a faɗa. Ɗaya daga cikin tsiron da ya fi yawa a bakin dazukan Jos a yau shi ne lantana, mai ƙananan furanni ja da rawaya da 'ya'ya baƙaƙe. Asalinsa daga yankin Amurka mai zafi ne, an kawo shi don ado, ya kuɓuce ya mamaye daji. Yana danne tsiron gida, ganyensa kuma na cutar da shanu. Amma tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace, har da tsuntsun lambu, suna cin 'ya'yansa, su kuma baza irinsa a kashinsu. Wanda ya ce a tumɓuke shi gaba ɗaya yana da hujja, wanda ya ce a yi hattara shi ma yana da tasa. Abin da ya fi kama da hankali shi ne duk inda za a cire shi a maye gurbinsa da itatuwan gida masu 'ya'ya, irin su ɓaure da cediya da sauran danginsu, a kuma yi aikin kashi-kashi, kada a bar wuri fayau a shekara ɗaya.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Bonn ta 1979 kan kare dabbobi masu ƙaura, kuma ana bikin ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya sau biyu a shekara, a Asabar ta biyu ta Mayu da ta Oktoba. Aikin da ya fi tasiri, duk da haka, shi ne wanda ba a cika jin labarinsa ba. APLORI ta horar da ɗalibai masu digiri na biyu daga Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma a fannin kare halittu, kuma tun 2015 take jagorantar shirin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa-kai ke rubuta abin da suka gani a unguwanninsu ta wayar hannu. A gonakin da ke kewaye da Jos kuma, masu bincike sun ɗaura wa wani ɗan ci-ranin, Saxicola rubetra, 'yar na'ura mai auna hasken rana a baya, wadda ke nuna inda ya je. Sakamakon ya nuna cewa tsuntsayen da suka yi rani a gonaki maƙwabtan juna sun warwatsu a ƙasashe daban-daban na gabashin Turai, kuma waɗanda suka rayu sukan dawo gonar da suka bari, sau da yawa kusurwar da suka bari.

Wanda ke son ya ga tsuntsun lambu da idonsa, lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ko kuma Afrilu, da sassafe, a gindin itace mai nunannun 'ya'ya kusa da duhuwa. Sau da yawa kunne ne ke fara kama shi: wani kira mai kaushi kamar ana buga tsakuwa biyu, ko kuma, a Afrilu, wata doguwar waƙa mai gudana ƙasa-ƙasa daga cikin ganye, wadda namiji ke gwadawa kafin ya je ya rera ta sosai a Turai. Zuwa tsakiyar Mayu, lokacin da shamuwa ta riga ta zauna a kan sheƙarta a garuruwan arewa, manoman Filato kuma suna tsakiyar shuka, sarƙaƙiyoyin Amurum sun koma hannun 'yan gida, kuma sai bayan wata huɗu ko biyar za a sake ganin na farko a raga.